Zanen fararen dabbobi da fentin ruwa

Fentin ruwa nau'in fenti ne da ake haɗa garin launi da ƙaro, a tsarma shi da ruwa, a shafa a takarda da buroshi. Ƙaron irin wanda ake ɗiba a jikin ɗakwara ne a dazukan Damagaram da Diffa, wanda malaman allo ke sawa a tawada don ta kama. Da yake fentin garai-garai ne, hasken takarda na ratsa shi, shi ya sa a wannan sana'a ba a cika shafa fari ba: takardar ake bari yadda take, a zagaye wurin da launi. Wurin da aka ɓata kuwa da wuya ya koma fari fat, don haka mai zane kan yanke shawarar inda zai bari tun kafin ya jiƙa buroshi.

Akwai dabarun kare farin wuri. Wasu na rufe shi da ruwan roba, in fenti ya bushe su murje shi da yatsa. Wasu na goga kyandir, wasu na tsane launi da tsumma tun yana ɗanye, ko su kankare da reza bayan ya bushe. Kankarewa tana buƙatar takardar auduga mai kauri, kamar mai giram 300 a kowace murabba'in mita. Akwai kuma farin fenti mai rufewa, wanda kamfanin Winsor & Newton na Landan ya fitar a 1834. Yana da amfani wajen ɗigon hasken ido ko silin gashi, amma in aka shimfiɗa shi da yawa sai ya dusashe kamar alli.

A Damargu, wato sassan Tanut da Belbeji na jihar Damagaram, abin da ya fi wahala shi ne farar dabba ba ta fitowa fara sal a idon mai lura. Balbela da ke bin shanu a kwarin Tarka, bayanta ne kawai ke ɗaukar hasken rana. Ƙirjinta da cikinta na ɗaukar jan rairayin da take takawa, gefen da ke inuwa kuma yana komawa shuɗi-shuɗi saboda sararin sama. Mai zane yakan haɗa shuɗi kaɗan da jar ƙasa, ya tsarma sosai, ya sa inuwar ƙarƙashin fiffike da lanƙwasar wuya, sannan ya duhunta abin da ke bayan tsuntsuwar, ko ciyawa ce ko jikin baƙar saniya. Duhun nan ne ke fito da farin. Inuwar da aka yi da baƙi zalla takan sa gashi ya yi kamar ya yi dauɗa. Da damina kuma balbela kan fitar da gashi mai ruwan ɗorawa a ka da ƙirji da baya, abin da masu kwafa daga hoto ɗaya kan manta. Shamuwa da hankaka sun fi sauƙi, tunda baƙin jikinsu ya riga ya yi wa farin iyaka.

Yanayi ma yana sa hannu a aikin. Da hunturu iska busasshiya ce ƙwarai, fenti kan bushe kafin a kai ƙarshen layi, ya bar tabo a baki. Maganinsa jiƙa takarda tukuna, da aiki a inuwa da sassafe, da kare ta daga ƙura.

Manyan fararen dabbobin yankin sun yi ƙaranci matuƙa. A ƙarni na 19 Damargu ta yi suna da gashin jimina, wanda ayari ke kaiwa Tarabulus, kuma fararen gashin namiji su ne masu tsada. Matafiyi Barth ya ratsa ƙasar a Janairun 1851, a 1920 kuma Angus Buchanan ya bi ta daga Kano zuwa Abzin yana tara tsuntsaye da dabbobi don gidan tarihin Rothschild na Tring a Ingila. Yawancin hotunan dabbobin Afirka da aka buga a wancan zamani a Turai aka zana su, daga fatu ko daga dabbobin da ke tsare, kuma hakan rashi ne babba, domin mai zanen bai ga yadda ranar Sahel ke sauka a jikinsu ba. Mariri, mai farin jiki da jan wuya da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, an ayyana ƙarewarsa a daji a 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Chadi. Adaks, mai murɗaɗɗun ƙahoni, da babbar barewa mai jan wuya da farin gindi akwai ragowarsu a gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, gabas da Damargu. Ƙidayar Maris 2016 adaks uku kacal ta gani.

Mai son zana adaks sai ya san lokacin da yake nufi, domin gashinta toka-toka ne da sanyi, da bazara kuma ya koma kusan fari. A fuskarta akwai farin zane da ya gitta saman hanci, ƙarƙashin tukun gashi mai duhu a goshi. Wannan wuri ƙarami ne, kuma shi ake fara rufewa da ruwan roba kafin a taɓa sauran kan.