Masu Tsaron Ƙauye a Afirka ta Tsakiya: Labarin Anti-balaka

A shekarun 1990 da na 2000, wanda ya bi hanyoyin arewa maso yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya san tsoron zargina. Waɗannan 'yan fashi ne masu tare hanya, suna kwashe kayan fatake, suna sace 'ya'yan Fulani makiyaya har sai an sayar da shanu an fanshe su. Soja yana Bangui, ƙauye kuwa yana nesa. Sai mutane suka fara tsaron kansu. Fulani suka fito da kwari da baka, manoma kuma da adda da bindigar toka, da layu a wuya. Gwamnatin François Bozizé ma ta ƙarfafa musu gwiwa. Ba a kira wannan yaƙin addini ba a lokacin, gama ɓarawo bai tambayi kowa inda yake sujada ba.

Ran 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangui, Bozizé ya gudu, Michel Djotodia ya hau mulki. Yawancin mayaƙansa Musulmi ne daga arewa maso gabas, da waɗansu daga Chadi da Sudan. Suka yi wata da watanni suna ƙone ƙauyuka, suna washe majami'u da asibitocin mishan. Ko da Djotodia ya ce ya rushe ƙungiyar a watan Satumba, ba wanda ya ajiye bindiga. A wannan wata ne tsofaffin masu tsaron ƙauye suka tashi a kewayen Bossangoa da sunan anti-balaka. Balaka adda ce a harshen Sango.

To, a nan gardama take. Waɗansu suka ce, mutumin da aka ƙone rumbunsa, aka kashe ɗan'uwansa, babu alƙali babu ɗan sanda, wa zai hana shi ɗaukar makami? Maganarsu tana da ƙarfi, kada mai karatu ya raina ta daga inuwar gidansa. Amma dokar Musa kanta, a Fitowa sura 22, ta bambanta wanda ya bugi ɓarawo cikin duhu yana fasa masa gida da wanda ya kashe shi bayan rana ta fito. Na fari ba shi da alhakin jini, na biyu yana da shi. Anti-balaka sun fara a matsayin na fari, ba su daɗe a can ba. Seleka tana da manyan bindigogi da motoci, tararta da wuya. Mai kanti da makiyayi da limamin unguwa kuwa suna kusa, hannunsu wofi. A kansu fushin ya sauka.

Ran 5 ga Disamba 2013 anti-balaka suka auka wa Bangui, Seleka ta rama a kan farar hula, cikin kwana biyu aka kashe ɗaruruwan mutane. Sojan Faransa suka shigo, Djotodia ya sauka ran 10 ga Janairu 2014. Da Seleka ta janye zuwa arewa, sai aka bar Musulmin yamma ba mai kāre su. Dubbai suka hau manyan motoci zuwa Kamaru da Chadi, cikinsu har da Hausawan da aka haifi iyayensu a ƙasar. Waɗanda suka rage a Bangui suka takure a unguwar PK5. Daga baya kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira abin da aka yi musu share al'umma daga ƙasa.

Jaridun waje sun riƙa kiran anti-balaka mayaƙan Kirista, shugabannin ikilisiya kuwa suka ƙi sunan. A Bossemptélé, Fada Bernard Kinvi, mutumin Togo mai kula da asibitin mishan, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi, ya binne waɗanda aka kashe, ya sa masu rai cikin motocin Kamaru. Ba shi da ko wuƙa. A Bangui, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya sauki Imam Oumar Kobine Layama a gidansa wata da watanni, su biyu tare da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suka yi ta zaga ƙasa suna roƙon a ajiye makamai. A Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga masallacin PK5 da kansa.

Bindigogin ba su koma rataye ba. A Disamba 2020 waɗansu ɓangarorin anti-balaka da na tsohuwar Seleka, waɗanda jiya suke yanka juna, suka haɗa kai a bayan Bozizé don su yaƙi gwamnati. Alfred Yekatom, kwamandan anti-balaka da ake kira Rambo, ya zama ɗan majalisa. A Oktoba 2018 ya harba bindiga cikin zauren majalisar, aka kama shi, aka miƙa shi ga Kotun Duniya ta Manyan Laifuffuka a Hague. A Yuli 2025 kotun ta yanke masa shekara 15, ta yanke wa Patrice-Edouard Ngaïssona, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, shekara 12.