Kammalawa daban, nasara daban

Jama'ar Akokan, kalmar Ingilishi "achievement" da ake fassara mana da nasara, daga Faransanci ta fito: "achever", wato kai abu ƙarshensa. Asalinta kammalawa ce, daga baya ta koma cim ma buri.

Mu kam mun ga bambancin da idonmu. An kafa Cominak a 1974, uraniyom ya fara fita a 1978, aka rufe ramin ranar 31 ga Maris 2021, bayan an haƙo wajen tan 75,000. Aiki ya kammalu. Amma ɗaruruwan ma'aikata sun rasa abin yi, tulin sharar ma'adinai yana nan bayan gari. Kafin mu ce nasara, sai mun ga abin da ya rage wa yaranmu.