Daga Kwari da Baka Zuwa Bindigar Roba a Malanville

A Amurka, idan yaro ya tasa, kakansa kan saya masa 'yar bindigar iska mai harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ya jera masa gwangwanaye a bayan gida ya koya masa saiti. Tun 1940 kamfanin Daisy ya fito da samfurin Red Ryder, kuma har yau ana sayensa. Malanville, garin da ke bakin Kwara a arewacin Benin, daura da Gaya ta Nijar, shi ma yana da irin wannan makaranta ta kaka da jika. Sai dai a nan abin harbin ya sha canzawa, kuma kusan duk canjin da ya yi, hukuma ce ko hanyar mota ta jawo shi.

Me ya sa kaka, ba uba ba? Uba yana gona ko kasuwa, sannan a gidan Bahaushe da na Bafulatani akwai kunyar ɗan fari, wani uban ko sunansa ba ya faɗa. Kaka kuwa abokin wasa ne. Shi ne zai dubi yaro ya ce, "Kai ɗan nema, da wannan hannun za ka ƙwace mini mata? Ko kaza ba za ka iya jifa ba." Yaro ya yi zuciya ya sake gwadawa. Gyaran da zai zama faɗa a bakin uba, a bakin kaka tsokana ce.

Ƙasar Dendi, inda Malanville take, ta daɗe da sanin bindiga. A 1591 bindigogin Maroko suka karya rundunar Songhai a Tondibi, sauran Askiyoyin suka gangaro Dendi suka ci gaba da turjiya. Duk da haka makamin talaka bai wuce kwari da baka ba. Maharbi kan fara jikansa da kibiyar kara marar tsini, haɗin dafi kuwa asirin gida ne, sai an ga hankalin yaro ya zauna. A ruwa, Sarkawa na da zagon farautar dorina. Masunta irin waɗannan ne suka zauna a Tassi, wato Malanville ta yau, kafin Faransawa su laƙaba wa garin sunan Henri Malan, wani gwamnan Dahome.

Yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burusel a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Bindigar toka ke nan, wadda maƙera suka iya gyarawa har suka iya ƙerawa. Harbi ɗaya take yi, ɗurin na biyu sai an zauna, ga albarushi da tsada. Saboda haka yaro kan daɗe yana ɗaukar wa tsoho jaka, yana koyon sawu da inda iska ta dosa, kafin a bar shi ya taɓa kunama. A 1954 aka mai da dajin W da ke yankin gandun hukuma, wani babban yanki na wurin farauta ya zama haramtacce, maharbi ya koma mai ɓuya daga ma'aikatan daji.

Abin da ya cike gurbin, daga gefen titi ya fito. Layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, sauran tafiyar sama da kilomita 300 zuwa bakin kogi sai a manyan motoci. Da aka gama gadar Malanville da Gaya a 1958, garin ya cika da direbobi da masu faci, tsohuwar robar cikin taya ta zama ta zubarwa. A nan danƙo ya samu gindin zama.

Haɗa danƙo ma darasi ne. Tsoho zai aiki yaro ya nemo gwafa mai rassa biyu daidai, ya dawo da ita ya ce karkatacciya ce, a sake. Ya tsaga robar da reza gida biyu, faɗi ɗaya, don in ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi dutsen zai kauce. A yanko fatar tsohon takalmi a huda ta. Bakin kogi yashi ne, tsakuwa ba ta da yawa, sai a mulmula yumɓu a shanya. Kuma danƙon yana da aikin yi. Idan shinkafa ta fara nuna a fadama, jan-baki kan sauko garke-garke, yara su wuni a kan kunya da danƙo da majaujawa suna kora. Dokokin kaka ba su da yawa: duba abin da ke bayan tsuntsu kafin ka saki, kada ka nuna mutum ko da wasa, kurciyar da ka kayar ka yanka ta da bisimilla a ci. Wanda ya fasa tulun maƙwabta, danƙonsa ya kwana a aljihun tsoho.

Jikoki mata ba a bar su a baya ba, nasu dai ba harbi ba ne. A gaban kaka suke koyon bandar kifi da gumin shinkafa da lissafin dala da jaka, a garin da kasuwarsa ke bin ta Dantokpa ta Kwatano a girma.

Sai ga bindigar roba 'yar Sin, mai harba ƙananan ƙwallaye masu launi, tana cika teburan 'yan koli gab da salla. A ganina ita ce ta farko a jerin nan da ta zo ba malami. Yaro ya saya da kuɗin barka da salla, ba wanda ya haɗa masa, ba ta korar tsuntsu, abin da take samu kawai idon ɗan'uwansa. Tsofaffi ba su san ta ba balle su kafa mata doka.

Zamanin ma ya juya. A watan Fabrairun 2022 hare-hare a dajin W ɓangaren Benin suka kashe mutum tara, kuma tun daga lokacin sojoji suka yawaita a yankin. Ba kakan da zai so a hango jikansa a bayan gari da abin da ya yi kama da bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, motoci suka yi dogon layi, mutane da buhuna suka koma ƙetarawa ta kwalekwale. Samarin da aka koya wa riƙon filafili da gane inda ruwa ke da ja, su suka samu aikin fito, har 'yan acaba da 'yan dako suka koma jiransu a bakin gaɓa.