Zamanin da Malumfashi ta Karantar da Turawa

A kowace shekara, waɗanda suka ci moriyar shirye-shiryen musayar ilimi tsakanin ƙasashe, irin na Fulbright wanda majalisar Amurka ta yi dokarsa a 1946, da na ƙasashe renon Ingila wanda aka ƙulla a 1959, da Chevening da ya biyo baya a 1983, sukan hallara a manyan birane, kowa ya miƙe gaban 'yan'uwansa ya karanta maƙala a kan abin da ya samo a ƙetare. Al'ada ce kyakkyawa, ba kuwa baƙuwa ba ce gare mu, domin tun kafin zuwan Nasara malamin da ya komo daga rihla ba ya samun sukuni sai ya zauna a zaure an ji littattafan da ya karanto da shehunan da suka ba shi ijaza. Kai, Katsina ma ta taɓa ba Masar malami, watau Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai wanda ya saurari tarurrukan yau zai iya zaton ilimi hanya ɗaya yake bi, daga can zuwa nan, alhali kuwa an yi wani zamani, ba da daɗewa ba, da ƙasar Malumfashi ta kasance ita ce makaranta, baƙin da suka ƙetaro teku kuwa su ne almajirai.

Asalin al'amarin daga Zariya yake. Bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe mata sashen koyon likitanci a 1967, sai ta riƙi asibitin Malumfashi ya zama reshenta na karkara, inda ɗalibai za su ga cutar manomi a inda take kama shi. A shekarun 1970 aka haɗa gwiwa tsakanin jami'ar da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, bisa jagorancin Farfesa Herbert Gilles, wanda ya riga ya koyar a Badun, aka kafa aikin binciken cututtukan da suka zaunu a ƙasar Malumfashi. Suka ƙidaya gidaje, suka rubuta haihuwa da mutuwa, suka bi zazzaɓin cizon sauro damina da rani, sa'an nan suka dinga buga sakamakon kashi-kashi a mujallar makarantar, kowane kashi da lambarsa, kowanne kuma da sunan Malumfashi a goshinsa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne binciken tsargiya. Lokacin ya dace da na Aikin Raya Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe, lokacin da ake ta gina ƙananan madatsun ruwa na ƙasa domin mutane da dabbobi. Likita Pugh da abokan aikinsa suka zaɓi madatsar Ruwan Sanyi, aka sa mai lura a bakinta yana rubuta wanda ya shiga ruwa, da abin da ya kai shi, da tsawon zaman da ya yi ciki: ga mai wanki, ga mai ɗiban ruwa, ga masunci, ga kuma yara maza da ba su fita sai idanu sun yi ja. Aka riƙa karɓar fitsari a kwalabe da tsakar rana, sa'ad da ƙwan tsutsar cutar ya fi fita, a tace, a ƙirga a ƙarƙashin madubin likita. Nan ta tabbata cewa yaran nan masu iyo su ne cutar ta fi kamawa, su ne kuma suke mayar da ita ruwa, katantanwa ta raine ta, ta sāke kama wani. Ruwan da aka tara domin alheri, in ba a kula ba, shi ne matattarar cuta, kuma ƙasashe da yawa masu gina madatsu sun sami abin lura a wannan hujja.

Haka kuma aka bi tarihin waɗanda suka yi arangama da kumurci, wanda ke shiga ɗaki da dare ya sari mai barci ko ya tofa dafi a ido, har Pugh da abokin aikinsa Theakston suka buga bayanin saran maciji a mujallar Lancet a 1980. A Zariya kuwa Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun nazarci ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Wanda ya san yadda uwa take tsayawa kan 'yarta har a yi arba'in zai gane cewa ba da wasa mata suka yarda suka buɗe wannan sirri ga baƙo namiji ba.

Akwai kuma wani almajirin da ba likita ba, Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato da aka buga a 1967, daga baya ya tare a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi. Maƙalarsa ta 1981, wadda har yanzu ake karantarwa a jami'o'i, ta nuna cewa mutanen da ya zauna da su sukan je wa boka da malam da asibiti ba tare da sun ɗora wa kansu sanin ƙa'idar kowanne ba, har ma akwai abin da da gangan ba su son su sani game da cutarsu.

Waɗannan mutane da takwarorinsu na Zariya sun ɗaukaka. Brian Greenwood, wanda ya shekara goma a Zariya yana fama da sanƙarau da zazzaɓi, ya tafi Gambiya a 1980 ya shugabanci babbar cibiyar bincike. David Warrell ya zama farfesa a Oxford kuma madogara a sha'anin dafin maciji. Parry ya kafa gidauniyar haɗa asibitocin Ingila da na Afirka. Ba na ƙyashinsu, domin sun yi jinya, sun horar da likitocinmu, sun kuma ambaci sunan garin a rubuce-rubucensu, wanda shi ne ladabin isnadi. Abin da ke ci mini rai shi ne an karanta sunan Ruwan Sanyi a zaurukan taro na Ingila cikin Turanci, a mujallun da manomin Bakori ko Ƙanƙara ba zai taɓa gani ba, alhali jikinsa da na 'ya'yansa ne littafin da aka karanta.

Saboda haka ɗan wannan yanki da ya yi karatu a ƙetare, aka gayyace shi ya gabatar da maƙala gaban tsofaffin ɗalibai, yana da abin faɗa tun daga gida. Alƙaluman shekarun 1970 suna nan a rubuce, madatsun sun ƙaru, noman rani ya bunƙasa, yara kuwa ba su daina iyo ba. Ya koma ya sāke ƙirga, ya kwatanta jiya da yau, sa'an nan kafin ya kai maƙalar Abuja ya fara karanta ta da Hausa a ƙofar fadar Galadiman Katsina a Malumfashi, gaban dagatai da limamai da ungozomomi.