Daga Dogari Zuwa Ɗan Doka: Horo da Hurumin Masu Tsaro a Ƙasar Bade da Nguru

Gabatarwa

Mazaunin unguwar Katuzu da ke Gashuwa, in ya kai shekara saba'in, ya san zamanin da kalmar "ɗan doka" ke sa kasuwa ta yi tsit. Wannan maƙala za ta duba inda ɗan doka ya samo ikonsa, da irin horon da aka ba shi, domin a nuna cewa ikon ya riga horon zuwa, kuma ya fi shi ƙarfi.

Tushen Iko

Kafin zuwan Turawa, dogari bawan sarki ne ko baransa. Ba shi da wata makaranta sai fada, ba shi da takardar doka sai bakin ubangidansa. Shi ke kamo mai laifi, shi ke tsare shi, shi ke zartar da hukunci. Turawa ba su rushe wannan tsari ba. Dokar En'e ta 1916 ma ta ɗora wa sarakuna nauyin kiyaye zaman lafiya. Daga shekarun 1920 aka fara ware wasu daga cikin dogarai, aka yi musu kayan sarki da albashi daga baitulmali, suka zama 'yan doka, a ƙarƙashin Wakilin Doka.

A Lardin Borno, ƙasashen nan biyu sun bambanta. Nguru, wadda jirgin ƙasa ya iso a 1930 ya cika ta da fatake da 'yan cirani, gunduma ce ta Shehun Borno, don haka 'yan dokarta na En'en Borno ne. Bade kuwa tana da En'enta, kuma da aka dawo da fadar Mai Bade daga Gogaram zuwa Gashuwa a 1946, 'yan doka suka biyo sarkinsu. Hurumin kowanne yana ƙarewa ne a inda ƙasar sarkinsa ta ƙare.

Horo

Da farko horon bai wuce fareti da riƙon kulki ba, kuma tsofaffin sojoji ke bayarwa. Daga baya aka riƙa tura 'yan doka Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, musamman da kundin laifuffuka na Arewa ya fara aiki a 1960, ya zama wajibi mai kamu ya san sashen da ya kama mutum a kansa. Sai dai horo bai sauya wanda ake yi wa biyayya ba. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke iya korarka, shi kuma ke naɗa alƙalin da za a kai wanda ka kama. Wannan ne ya sa 'yan hamayya irin su NEPU suka yi ta kukan an mai da 'yan doka sandar duka.

Kammalawa

Bayan juyin mulkin 1966 aka fara shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, aka kammala a farkon shekarun 1970. Darasin da suka bari ga masu muhawarar kafa 'yan sandan jiha shi ne: koyar da doka abu ne mai sauƙi; abin wuya shi ne samar da wanda zai tuhumi mai kamu, wanda ba ubangidansa ba.