Daga Tsamiya zuwa Alharini: Me Ake Saye in An Sayi Siliki?

A hutun da ya wuce na tarad da gardama ta kaure a gidanmu a Talata Mafara. Ana haɗa lefen yayana, sai dangin amarya suka aiko cewa lalle a sa ɗankwalin siliki irin na Faransa, wanda ake daje bakinsa da hannu. Da aka faɗi kuɗinsa, baffana ya ce wannan ai kuɗin sa ne, ba na ɗankwali ba. Har an fara maganar a fasa. Kakarmu, wadda aka auro daga Bakura, ba ta ce uffan ba. Sai ta jawo adudunta ta fito da wani tsohon zane mai ratsin ja da ruwan ƙasa, ta ce mini, "Kai ɗan boko, taɓa ka ji. Wanga ba tuhwa na ba, gado na."

Wannan zane shi ya sa na koma bin tarihi. Ashe siliki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma iri biyu kakanninmu suka sani.

Na farko shi ne tsamiya, watau zaren da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke saƙarta a jikin itatuwa, musamman itacen tsamiya, inda ya samo sunansa. Mutum zai shiga daji ya tsinto gidajen, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a tsefe. Sa'an nan mata su zauna da mazari su kaɗa shi kamar auduga, sai dai ya fi auduga gardama nesa ba kusa ba. Daga nan ya tafi wurin masaƙi, ko wurin maɗinki mai zuba aska biyu ko aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ba shi da ƙyalli, launinsa ma kamar na ƙasa ne, amma ƙarfinsa ya sa riga kan ga jikan mai ita. Yarbawa na kiransa sanyan, suna kuma girmama shi ƙwarai.

Na biyu shi ne alharini, jan nan mai ɗaukar ido. Shi kam ba namu ba ne. Ragowar zare ne daga masaƙun Faransa da Italiya, wanda ake rinawa, fataken Larabawa su ɗoro shi bisa raƙuma daga Tarabulus, ta Gadamas, har Kano. Bature Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafta shi cikin manyan hajojin da ake shigowa da su ta hamada, ya kuma nuna cewa ba mai kyau ba ne. To, ka ji fa, ya mai karatu: abin da masaƙan Turai suka share daga ƙasa, shi sarakunanmu ke sa wa a barage suna taƙama. Saboda haka kada mu yi saurin zagin dangin amaryarmu. Sayen suna da nisan garin da kaya ya fito tsohuwar ɗabi'armu ce.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ayarin hamada ya mutu, yadin kanti ya cika kasuwar Talata. Tsamiya ta ɗan jure. Amma a wajenmu, kakata ta ce tun da aka gina madatsar Bakolori kusa da Maradun, wadda aka gama a 1978, aka baje gonaki aka sare itatuwa don noman rani, ba ta ƙara ganin mai tallar gidan tsutsa a ƙofar gida ba.

Shi kuwa ɗankwalin da ake rigima a kansa, kamfanin Hermès ya fara yin irinsa a 1937. A yankin Liyon ake buga zanensa launi bayan launi, a naɗe bakinsa da allura, kuɗinsa kuma ya haura dala 400. Ban musa cewa akwai aikin hannu a ciki ba. Amma ni a ganina, wanda ya sayi tsamiya ya san inda kuɗinsa ya tafi: ga mai tsinta, ga mai kaɗi, ga masaƙi, duk yana iya kiran sunansu. Wanda ya sayi na Faransa a nan kuwa, rabin abin da ya biya na suna ne, kuma in ba a yi sa'a ba jabu aka ba shi, don ba mai iya tantancewa a gidanmu.

Na faɗa wa baffa haka, ya ce ilmina bai rage ko kwabo daga kuɗin ba. Kakata ce ta raba gardamar. Ta ninke zanenta ta sa a akwatin lefe, ta ce a gaya wa uwar amarya ta kai shi kasuwa ta tambayo inda ake sayar da irinsa. An ɗaura aure bayan Salla, ba mu kuwa ƙara jin zancen ɗankwali ba.