Zare: ƙwaya, ƙanjamau da maganar da ba a yi a majalisa

1/ Jama'a, daga Dutsin-Ma har Kurfi kowa ya san maganar tiramol da kodin. Amma akwai ɓangaren da ake rufe baki a kai: maza masu neman maza da ke shan ƙwaya don saduwa. Tarihin abin nake so mu duba, don rayuka ake magana.

2/ A Landan aka raɗa masa suna kemseks. Can sun fi amfani da met da GHB. Ƙwayar tana cire tsoro da kunya, sai a manta da kororon roba, wasu ma su yi ta karɓa-karɓar allura ɗaya.

3/ Dabarar rage illa ta girmi sunan. A 1984 Amsterdam ta fara karɓar tsohuwar allura ta ba da sabuwa, Libaful ta Ingila ta bi sahu a 1986. Hujjarsu: wanda bai iya dainawa yau ba, a tsare ransa har ya kai ranar da zai daina.

4/ A 1986 ɗin nan Najeriya ta sanar da mai ƙanjamau na farko. Mu hanyar kame muka fi bi: an kafa NDLEA a 1989, an hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan rahoton BBC.

5/ A Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14. Wani bincike a Abuja ya gano tsoron zuwa asibiti a cikin waɗannan mazan ya tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100.

6/ Ga inda gizo ke saƙar. Ƙanjamau a ƙasa baki ɗaya kashi 1.4 ne a binciken 2018, amma a cikinsu binciken 2014 ya sami kusan kashi 23. Wasunsu fa suna da mata a gida. Cutar da aka ɓoye, ɗakin amarya take ƙarewa.

7/ Addininmu da al'adarmu sun yi magana, ban zo musu a kai ba. Sai dai tuba ma mai rai ke yi. Don haka:
• Kar a haɗa tiramol da giya ko ƙwayar barci, numfashi na iya tsayawa.
• Kar a raba allura da kowa.
• Wanda ya suma, a kwantar da shi ta gefe, a nemi asibiti. Kar a gudu a bar shi.

8/ In an yi saduwa ba kariya, akwai maganin PEP. Dole a fara cikin awa 72, a sha kwana 28. Gwaji da maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke bayarwa.

9/ Wataƙila abokinka ne, wataƙila ƙaninka. In ya buɗe maka cikinsa, kar ka kai shi TikTok. Raka shi gwaji.